Ɓarnar Ɓoye: Yadda Cututtukan Gado ke Taɓa Ƙwaƙwalwa Tun Kafin Alama ta Bayyana

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda katangar ƙasa take faɗuwa. Ba ranar da aka yi ruwan farko take faɗuwa ba. Damina bayan damina laima na ratsa gindinta, tubali na narkewa daga ciki, alhali yaɓen waje yana nan sumul. Sai wani dare cikin watan Agusta a ji ƙarar rushewa. Da safe maƙwabta su ce ruwan jiya ne ya kayar da ita, amma magini ya san cewa ruwan jiya ƙarasa aiki kawai ya yi.

Masana kimiyyar halitta sun gano cewa haka wasu cututtukan gado suke yi wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ranar da hannu ya ƙi ɗaguwa, ko tunani ya rikice, ba ita ce ranar da ciwon ya fara ba. Sau da yawa ɓarnar ta yi shekaru tana tafiya a ɓoye, a lokacin da mai ita yake wasa da tsararsa, yake zuwa makaranta, kowa na yi masa kallon mai lafiya. A wannan darasi za mu duba cututtuka biyu. Ta farko, cutar Huntington, an fi saninta a Turai da Amurka, kuma tana cikin cututtukan da suka koya wa masana yadda ɓarnar ɓoye take farawa. Ta biyu kuwa, wato amosanin jini ko sikila, tana cikin gidajenmu da azuzuwanmu, kuma a asibitocin Kano aka gudanar da wani muhimmin bincike a kan yadda za a kare ƙwaƙwalwar yaran da ke fama da ita.

Ƙwaƙwalwa da Bukatunta

Nauyin ƙwaƙwalwar baligi bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana shan kimanin kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita a lokacin hutawa. A jikin ƙaramin yaro rabonta ya fi haka nesa ba kusa ba, domin a waɗannan shekaru ne take ginuwa. Tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke aika wa juna saƙo ta wasu siraran wayoyi.

Akwai halaye uku na ƙwaƙwalwa da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na farko, ba ta da rumbu. Idan jini ya yanke wa wani sashe nata na 'yan mintoci kaɗan, ƙwayoyin wurin sukan fara mutuwa. Na biyu, yawancin ƙwayoyin jijiya ba sa sake tsirowa idan sun mutu, ba kamar fata ba wadda ke warkewa bayan rauni. Na uku, ƙwaƙwalwa tana da rara. Idan wasu ƙwayoyi suka lalace, maƙwabtansu sukan ɗauki aikinsu na wani lokaci. Wannan hali na uku rahama ne, amma kuma shi ne ke ɓoye ciwo. Sai rarar ta ƙare sannan alama take fitowa, a lokacin kuwa an riga an yi asarar da ba ta dawowa.

Yadda Ake Gadon Cuta

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai zaren gado guda 46, waɗanda masana ke kira kuromosom. Sun kasu tagwaye 23, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A jikin waɗannan zare aka jera ƙwayoyin gado, kowace ɗauke da umarnin yadda jiki zai haɗa wani furotin. Haruffa 4 ne kacal aka rubuta umarnin da su: A, C, G da T. Da yake kowane umarni kwafi biyu muke gadonsa, cututtukan gado sun kasu. Akwai waɗanda kwafi ɗaya mai lahani ya isa ya haddasa su, akwai kuma waɗanda sai an gaji lahanin daga uwa da uba baki ɗaya. Cutar Huntington tana cikin kashin farko, amosanin jini kuwa yana cikin na biyu.

Cutar Huntington

A shekarar 1872 wani matashin likita a Amurka mai suna George Huntington ya bayyana wata cuta da ke bin zuriya. Yawanci takan bayyana tsakanin shekara 30 zuwa 50. Gaɓoɓin mutum sukan riƙa motsi ba da sonsa ba, halinsa ya canja, tunaninsa ya riƙa raguwa, har ajali ya zo bayan kimanin shekara 15 zuwa 20. Duk ɗan da mai cutar ya haifa, yiwuwar ya gaje ta rabi da rabi ce.

A 1983 aka gano cewa lahanin yana kan kuromosom na 4. An cim ma wannan ne da taimakon jinin wasu iyalai masunta da ke zaune a bakin tafkin Marakaibo a ƙasar Benezuwela, inda Dakta Nancy Wexler ta yi shekaru tana tattara tarihin zuriyarsu. A 1993 aka gano ƙwayar gadon kanta. Abin da aka tarar shi ne haruffa 3, wato CAG, suna maimaituwa a jere kamar in'ina. A jikin yawancin mutane maimaicin bai wuce sau 26 ba. Idan ya kai 40 ko fiye, cutar za ta bayyana muddin mutum ya yi tsawon rai. Furotin ɗin da wannan gurɓataccen umarni ke samarwa yana kashe ƙwayoyin jijiya, musamman a wani sashe da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa mai kula da daidaita motsi.

To, a nan tambaya ta taso. Mutum da lahanin aka haife shi, amma sai ya kai shekara 40 yake nuna alama. Me ke faruwa a tsakani? Domin amsa wannan, masana a Kwalejin Jami'a ta Landan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Sarah Tabrizi, suka tattara matasa 64 masu ɗauke da lahanin, da wasu 67 da ba su da shi. Bisa lissafi, masu lahanin suna da saura kimanin shekara 24 kafin cutar ta bayyana. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa a wajen tunani da hadda da motsi babu wani bambanci tsakanin rukunin biyu. Amma da aka auna ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, sai aka ga wani furotin da ke tsiyayowa daga ƙwayoyin jijiya idan sun ji rauni ya fi yawa a jikin masu lahanin. Kamar dai garin da ke zuba a ƙarƙashin katakon da ƙwaro ke ci ne: katakon yana tsaye, amma garin ya tona asiri.

An ci gaba da bibiyar matasan, aka sake wallafa sakamako a 2025. Har a lokacin tunaninsu da motsinsu lafiya lau, amma sashen nan na tsakiyar ƙwaƙwalwa ya fara ƙanƙancewa. Daɗin daɗawa, an ga cewa maimaicin CAG ba a tsaye yake ba, yana ƙara tsawo a cikin ƙwayoyin jiki yayin da shekaru ke tafiya, kuma waɗanda nasu ya fi saurin tsawo su ne ƙwaƙwalwarsu ta fi saurin canjawa. Ke nan ɓarna takan riga alama da fiye da shekara 20.

Amosanin Jini a Gida

Mai karatu zai iya cewa wannan labarin nesa ne. Bari mu dawo gida. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na mutanen Nijeriya suna ɗauke da kwafi ɗaya na ƙwayar gadon sikila, kuma ana haihuwar yara kimanin 150,000 masu cutar a kowace shekara. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawansu. Da wuya a sami makaranta a Kano da babu irin waɗannan yara a cikinta.

Asalin cutar yana cikin himogulobin, wato jan furotin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Likita James Herrick na birnin Shikago shi ne ya fara bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin ne ya bambanta, a 1956 kuma Vernon Ingram ya gano inda bambancin yake. Harafi ɗaya ne tak ya canja a wata ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 11: inda ya kamata a karanta GAG sai aka sami GTG. Saboda wannan, idan himogulobin ɗin ya sauke oksijin sai ya manne da juna ya zama kamar sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta yi tauri. Lafiyayyar ƙwayar jini takan rayu kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20.

Mai kwafi ɗaya, wato AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, har ma yana da kariya daga matsanancin zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Wannan ne ya sa ƙwayar gadon ta yawaita a ƙasashenmu. Mai kwafi biyu, wato SS, shi ne mai cutar. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS. A lura, a kowane ciki ne. Haihuwar SS guda ba ta nufin yara ukun da za su biyo baya sun tsira.

Kowa ya san amosanin jini da ciwon ƙashi da ƙarancin jini da kumburin yatsu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, cutar tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ta bambanta da cutar Huntington domin ba ƙwayoyin jijiya take kai wa hari kai tsaye ba, hanyar abincinsu take tarewa. Amma a wajen ɓoye ɓarna halinsu ɗaya.

Me ya Haɗa Jini da Ƙwaƙwalwa?

Manyan magudanan jini 4 ne ke hawa ta wuya zuwa kai, biyu ta gaba, biyu ta baya. A gindin ƙwaƙwalwa sukan haɗu su yi zobe, daga nan rassa su bazu. A jikin yaro mai SS abubuwa biyu ke faruwa. Na farko, da yake jininsa ba shi da isasshen himogulobin, dole zuciya ta riƙa tura jini da yawa da sauri domin ƙwaƙwalwa ta sami abin da take bukata. Na biyu, ƙwayoyin nan masu tauri suna gogar bangon magudanan, kuma idan sun fashe abin da ke cikinsu yana ƙara yi wa bangon illa. A hankali bangon ya yi kauri, hanyar ta tsuke.

Daga nan ɓarna iri biyu ke fitowa. Idan babbar magudana ta toshe, sai a sami shanyewar ɓarin jiki wadda kowa zai gani: baki ya karkace, hannu da ƙafa su mutu, magana ta sarƙe. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa, in ba a yi rigakafi ba, kimanin kashi 11 cikin 100 na masu SS sukan sami irin wannan shanyewa kafin su kai shekara 20, kuma a lokacin yarinta hatsarin ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 5.

Iri na biyu shi ne shanyewar ɓoye. Duk wanda ya taɓa ganin ban-ruwa a lambu ya san cewa idan ruwa ya yi ƙaranci, fangalin ƙarshe ne ke fara bushewa. Haka abin yake a ƙwaƙwalwa. Akwai wurare a can ciki inda ƙarshen rassan wata magudana ke haɗuwa da ƙarshen rassan wata. Idan jini ya ƙara raguwa, alal misali a lokacin zazzaɓi mai zafi, waɗannan wurare ne ke fara rasa oksijin, sai wani ɗan gurbi ya mutu ya bar tabo. Yaron ba zai faɗi ba, bakinsa ba zai karkace ba, ko likita ya gwada ƙarfin gaɓoɓinsa ba zai ga komai ba. Sai na'urar hoton maganaɗisu, wadda aka fi sani da MRI, ita ce ke nuna tabon. Wani bincike da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa kimanin kashi 39 cikin 100 na masu cutar sun sami irin wannan tabo kafin su cika shekara 18. Wato ɓarnar ɓoye ta ninka ta sarari fiye da sau uku.

Sunan “ɓoye” yana iya ruɗar mutum ya zaci ba ta da illa. Yawancin tabon nan a ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa suke, inda ake tattara hankali, da tsara aiki, da riƙe umarni a zuci har a gama aiwatar da shi. Bincike ya nuna cewa yara masu tabon sun fi sauran masu sikila yawan samun matsala a karatu da maimaita aji, kuma sun fi su shiga hatsarin shanyewa ta sarari daga baya.

A nan zan faɗi wani abu da ya faru da ni. Kimanin shekara 20 da suka wuce, kafin in koma jami'a, na koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a cikin birni. Akwai wani yaro mai sikila a aji ɗaya, mai natsuwa, wanda a zangon farko yana cikin goman farko. A zango na biyu sai ya fara barin rubutun allo bai gama kwafa ba. Idan na ba da umarni uku, sai ya yi na farko ya tsaya yana kallona. Na ɗauka shagwaɓar gida ce ta yi masa yawa saboda rashin lafiya, na rubuta a katin sakamakonsa cewa ya zama malalaci. Bayan hutu bai dawo ba. Da na tambaya aka ce da ni ɓarin jikinsa ya shanye. Sai bayan shekaru, da na karanci wannan fanni, na gane cewa watanni uku yaron yana nuna mini alama a gaban allo, ni kuwa ina karanta ta a matsayin lalaci.

Na'urar Sauraron Gudun Jini

Idan ka matse bakin tiyo da yatsa, ruwa yakan fita da gudu. Haka jini yake ƙara gudu a magudanar da ta tsuke. Saboda haka idan aka auna gudun jini a cikin kai, za a iya gane yaron da ke cikin hatsari tun bai shanye ba. Ana yin wannan da wata ƙaramar na'ura da aka gina a kan ƙa'idar da Christian Doppler na ƙasar Ostiriya ya bayyana a 1842. Ɗalibi ya san ƙa'idar ko da bai san sunanta ba: jiniyar motar asibiti takan yi kaifi idan tana tahowa, ta yi kauri idan ta wuce. Ana ɗora kan na'urar a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri. Tana aika sautin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi ƙwayoyin jini ya dawo, daga canjin da ya samu a lissafa gudunsu. Babu allura, babu ciwo.

Gudun da bai kai santimita 170 a sakan ba, daidai yake. Daga 170 zuwa 199 sai a sa ido a sake gwaji. Idan ya kai 200 ko fiye, yaron yana cikin babban hatsari, domin a cikin irin waɗannan yara kimanin 10 cikin 100 ne ke shanyewa a kowace shekara idan ba a yi komai ba. A 1998 Dakta Robert Adams da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yara 130 masu wannan hatsari. A cikin waɗanda aka riƙa yi wa ƙarin jini kusan kowane wata, 1 ne kaɗai ya shanye. A cikin waɗanda ba a yi wa ba, 11. Daga nan aka tsayar da shawarar a riƙa gwada duk yaro mai SS sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16.

Binciken da Aka Yi a Kano

Ƙarin jini kowane wata abu ne mai wuya a wurinmu. Jinin ba ya wadata, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, dole a tantance shi daga cututtuka, sannan yawan ƙarin yana tara sinadarin ƙarfe a hanta da zuciya, wanda shi ma sai an sha wani magani mai tsada a fitar da shi. Ke nan an san hanyar rigakafi, amma ba ta isa ga ƙasar da ta fi kowace yawan masu bukata ba.

Mafita ta fito daga wata tsohuwar lura. Jariri mai SS ba ya cika yin ciwo a watanninsa na farko, domin jininsa na ɗauke da wani irin himogulobin na tayi wanda ba ya mannewa. Bayan kimanin wata 6 wannan yakan ragu, sai ciwo ya fara. Akwai wani magani na haɗiya mai suna haidiroksiyuriya da ke sa jiki ya koma yin himogulobin ɗin tayi, jini ya ƙaru, ƙwayoyin su rage lanƙwashewa. Shin zai iya maye gurbin ƙarin jini wajen kare ƙwaƙwalwa?

Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, cikinsu har da Dakta Najibah Galadanci da Dakta Shehu Abdullahi, suka haɗa gwiwa da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka. Sun fara da ƙaramin gwaji, wanda aka wallafa a 2017, domin ganin ko iyaye za su amince kuma yara za su jure shan maganin kullum. Da aka ga abin ya yiwu, sai aka shiga babban gwaji a Asibitin Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala Muhammad da ke Ƙofar Mata, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna. Daga 2016 zuwa 2018 aka ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda gudun jininsu ya kai 200. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: yara 109 suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu a kullum, yara 111 suna shan miligiram 20. Yaro da iyayensa da likitansa duk ba su san rukunin da yake ba, domin kada zato ya gurɓata sakamako.

An bibiye su fiye da shekara 2, aka wallafa sakamako a 2022. Yara 3 ne suka shanye a rukunin farko, 5 a na biyu. Wato a duk rukunin biyu hatsarin bai kai 2 cikin 100 a shekara ba, idan aka kwatanta da kimanin 10 cikin 100 da aka sani ga waɗanda ba a yi wa komai ba. A wajen hana shanyewa babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin awon biyu, amma masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Wannan sakamako yana da amfani ga duk ƙasar da jini ke yi wa wuyar samu, kuma yaran Kano da Kaduna da iyayensu ne suka samar da shi.

Sai dai a lura da abu biyu. Wannan magani likita ne ke rubuta shi, yana kuma auna jinin yaro lokaci-lokaci; ba na saye a kemis a sha da ka ba ne. Sannan na'urar gudun jini hatsarin babbar shanyewa take nunawa, ba ta ganin tabon ɓoye. Shi sai MRI, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Saboda haka a halin da muke ciki, wanda ya fi kowa damar lura da alamar ɓarnar ɓoye shi ne mutumin da ke ganin rubutun yaro da lissafinsa kullum, wato malami.

Yaushe Sani ke da Amfani?

Kwatanta cututtukan nan biyu yana koya mana wata ƙa'ida. A cutar Huntington, ƙa'idojin likitanci sun hana a gwada yaron da bai kai shekara 18 ba matuƙar ba ya nuna alama, domin har yanzu ba a tabbatar da maganin da ke hana ta ba, kuma sanin zai ɗora masa nauyin da bai zaɓa ba. Sai ya girma ya yanke wa kansa shawara. A amosanin jini kuwa akasin haka ne: ana so a gwada tun yaro yana jariri, domin akwai abin yi. Ke nan darajar gwaji tana ga abin da za a iya aikatawa bayansa.

Haka gwajin kafin aure yake. A watan Mayu na 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, ciki har da na rukunin jinin gado. Amma ɗalibi kada ya jira sai an sa rana. Sanin ko kai AA ne ko AS tun kana sakandare ya fi sauƙi a zuciya fiye da saninsa bayan an kai lefe.

Abin da Ya Kamata Malami ya Yi

1. Ya san ɗalibansa masu sikila, ba tare da ya kunyata su a gaban aji ba.
2. Ya tambayi iyaye ko an taɓa auna gudun jinin kan yaron. Idan ba a yi ba, ya ba su shawarar su nemi bayani a asibitin da yaron ke ganin likitan sikila.
3. Idan ƙoƙarin yaro ya faɗi, ko rubutunsa ya canja, ko ya fara mantuwa, ya ajiye bulala ya rubuta wa iyaye abin da ya gani domin su kai wa likita.
4. Ya zaunar da shi a gaba, ya riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, ya ƙara masa lokaci a jarrabawa.
5. Ya bar shi ya sha ruwa a aji, kada ya sa shi gwale-gwale ko aiki cikin rana, ya bar shi ya sa rigar sanyi a lokacin hunturu.
6. Idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko magana ta sarƙe, ko yaro ya yi farfaɗiya ko matsanancin ciwon kai, a garzaya asibiti nan take, ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintoci. A yi addu'a a kan hanya, amma kada a zauna a gida ana cewa bugun iska ne, domin ƙarin jini na gaggawa yana rage ɓarnar.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙwaƙwalwa tana iya ɓoye rauninta shekaru da dama, kuma abin da ta rasa ba ya dawowa. A cutar Huntington masana sun iya hango ɓarnar tun saura fiye da shekara 20, suna kuma kan neman abin da zai tare ta. A amosanin jini kuwa na'urar gwaji tana nan, maganin yana nan, shaidar amfaninsa ma a garinmu aka samo ta. Abin da ya rage shi ne yaron ya isa wurin gwajin kafin ranar da zai shanye, wannan kuwa aikin iyaye ne da malamai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Aikin Aji

A sami ƙwarya biyu, ɗaya uwa ɗaya uba. A zuba farin wake 50 da jan wake 50 a kowace. Fari shi ne A, ja shi ne S. Ɗalibi ya rufe ido ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya, a rubuta abin da ya fito, a mayar, a gauraya. A yi haka sau 100, a ƙidaya AA da AS da SS. Sannan a maye wa ƙwarya ɗaya da farin wake zalla a sake yi.

Tambayoyi don Nazari

1. Wane hali na ƙwaƙwalwa ne ke sa ɓarna ta daɗe ba ta bayyana ba?
2. Bambanta yadda ake gadon cutar Huntington da yadda ake gadon amosanin jini.
3. Kawo dalilai biyu da ke sa jini ya yi gudu a kan yaro mai SS.
4. Me ya sa aka ɓoye wa likitoci da iyaye rukunin da kowane yaro yake a gwajin Kano?
5. A zagaye na biyu na aikin wake, SS nawa aka samu? Me wannan ke nufi ga auren AA da AS?